Lissafin dokin Rano da na yi a Calgary

Rigar tana nan rataye a ɗakina, ja wur, lamba 10, an rubuta Huberdeau a baya. A watan Agustan 2022 na saye ta, tun mutumin bai buga wa Calgary Flames, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garinmu a Kanada, wasa ko ɗaya ba. Uwargida ta ce kuɗin ya isa cefanen mako guda. Na ce mata ta bari kawai, bana kofi namu ne.

Ban taso da hoki ba. Ɗan ƙwallon ƙafa ne ni, sanyin garin nan da wani dattijo Bature da muke aiki tare su suka ja ni. Shi ya fara kai ni Saddledome, filin wasan Flames, shi ya koya mini cewa a wasan nan ɗan wasa yana samun maki ɗaya in ya zura, maki ɗaya in ya taimaka aka zura. Kuma na shigo a sa'a, domin kakar 2021-22 ta yi wa Flames daɗi. Sun zo na ɗaya a rukunin Pacific da maki 111. 'Yan gabansu uku, Johnny Gaudreau da Elias Lindholm da Matthew Tkachuk, kowannensu ya zura aƙalla 40. Edmonton, babbar abokiyar hamayyarmu, ta fitar da mu a zagaye na biyu na wasannin neman kofi, abin ya yi ciwo, amma kowa cewa yake baɗi ma rana ce.

Sai Yuli ya zo. Ranar 13 ga wata Gaudreau, wanda kwantiraginsa ya ƙare, ya sa hannu da Columbus. Tkachuk kuma ya sanar da shugabanni cewa ba zai sa hannu a doguwar yarjejeniya ba. A nan ne gasar NHL, wadda Flames ke bugawa a ciki, ta bambanta da ƙwallon Turai da muka saba kallo. Ba a zuba kuɗi a sayi ɗan wasa daga wata ƙungiya. Musaya ake yi, mutum da mutum ko da gurbin zaɓen sababbin matasa. Sannan akwai iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, wadda a shekarar ta tsaya a dala miliyan 82.5. Duk wanda ka ƙara wa, wani ka rage wa.

Ranar 22 ga Yuli manajan ƙungiyar, Brad Treliving, ya tura Tkachuk Florida Panthers, ya karɓo Jonathan Huberdeau da ɗan baya MacKenzie Weegar da wani matashi da gurbin zaɓe na zagayen farko. A watan Agusta ya ɗauko Nazem Kadri, shekara 7 a kan dala miliyan 49, kuma sai da aka sallama Sean Monahan zuwa Montreal kafin kuɗin ya shiga cikin iyaka. Zuwan Kadri ya taɓa ni ta wani wajen daban. Shi ne Musulmi na farko da ya ci Kofin Stanley, wato kofin gasar NHL, tare da Colorado, kuma a watan nan ya kai kofin masallacin garinsu, London ta jihar Ontario.

Na zauna da biro a bayan wata ambulan. Gaudreau mai maki 115 ya tafi, Huberdeau mai maki 115 ya zo, an yi kunnen doki. Tkachuk mai 104 ya tafi, Kadri mai 87 ya zo, ga Weegar gyara. Na kai wa dattijon nan ambulan ɗin lokacin shan shayi. Ya duba, ya miƙo mini, ya ce, "Makin nan a Florida Huberdeau ya same su, ba a jakarsa zai zo da su ba." Na ɗauka tsufa ne ke sa shi ƙorafi.

Huberdeau ya gama kakar 2022-23 da maki 55. Faɗuwar maki 60 ke nan a shekara guda, ga kwantiragin shekara 8 na dala miliyan 84 da aka riga aka ba shi. Ban yarda cewa ya manta wasa a cikin jirgi ba. A Florida wasan gudu ake yi, abokan layinsa suna fellawa gaba, shi kuma yana jefa musu faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo ta inda ba wanda ya zata. A Calgary ya tarar da kociya Darryl Sutter, mutumin da ya fi son a tsare gida, a bi tsari, a daina ganganci. Aka yi ta sauya masa abokan layi. Sau nawa na ga ya miƙa faifai wurin da babu kowa, saboda wanda ya saba gani a wurin yana can bakin teku. Lindholm ma, da aka raba shi da mutanensa biyu, daga zura 42 ya dawo 22. Wannan ban sa shi a ambulan ba ko kaɗan: wanda ya zauna ma tafiyar wasu tana cin sa.

Shekaru ma ban lissafa ba. Tkachuk yana da 24 lokacin, Huberdeau 29, Kadri 31.

Amma fa kada in cika baki da hikimar bayan fage. Florida ma ta ja baya a kakar nan, daga maki 122 zuwa 92, har mutane suna cewa sun ɓata ƙungiya mai kyau da hannunsu. Calgary maki 93 ta samu, wato ta fi su da ɗaya. Mu a yamma 93 bai isa ba, su a gabas 92 ya ba su gurbin ƙarshe na shiga wasannin neman kofi. Wasa 17 muka rasa bayan cikar lokaci. Da uku daga ciki sun juya, da wani labarin nake ba ku. Su kuwa da suka kutsa, sai suka kayar da Boston mai maki 135, suka je har wasan ƙarshe kafin Vegas ta tsayar da su. Kafin tsakiyar Mayu, Treliving ya tafi, an sallami Sutter.

Gaudreau kuwa, duk wani haushin tafiyarsa ya gushe a watan Agustan 2024, da mota ta buge shi da ƙaninsa suna kan keke a New Jersey, duka biyun suka rasu. Na je bakin Saddledome na ga furanni da sandunan hoki jibge a kan matakala.

Wata biyu kafin wannan, a Yunin 2024, Florida ta haɗu da Edmonton a wasan ƙarshe, ta ci karawa ta bakwai, mai yanke hukunci, da 2-1. A gidan dattijon muka kalla. Da Tkachuk ya gaishe da magoya bayan Calgary a talabijin, yana cewa ai ba zai bar Edmonton ta ɗauka ba, tsohon nan ya yi dariya har da tari. Ya juyo ya tambaye ni ko ambulan ɗin tana nan. Na ce masa tana cikin aljihun rigar.