Wasiƙa daga Gwanzu: ga masu tambayata allurar 'yan Chana

Assalamu alaikum jama'ar gida, ina gaida kowa da kowa, manya da yara. A yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, maganar ce da yawa.

Tambaya ɗaya ce ta ƙi ƙarewa a wayata tun da aka ji ina raka 'yan kasuwarmu asibiti ina musu tafinta: "wai da gaske ne allurar nan ta 'yan Chana tana maganin ciwon baya?" Kafin in amsa sai ta biyu ta biyo, "to ka sako mana ita cikin kaya mana". Gwaggo ta tambaya, abokai na Kantin Kwari sun tambaya, har wani bawan Allah daga Maraɗi da ban san inda ya samo lambata ba. Shi ya sa na ce bari in amsa gaba ɗaya, allurar, wato akufanca ta maganin gargajiyarsu, da jiƙe-jiƙensu, da kuɗin ga mai son zuwa jinya.

Amma kafin ka ga allura sai ka ga layi, kuma layin ma a waya yake. Nan ba a zuwa asibiti haka kawai a yanki kati, sai ka shiga manhajarsu ta WeChat ka zaɓi sashe ka zaɓi likita ka zaɓi lokaci ka biya, duk da rubutunsu. Ɗan ƙasa minti biyu ya gama don tsarin da katin shaidarsa aka gina shi, kai kuwa mai fasfo sai abu ya ce sunanka ya yi tsawo, ko ya ƙi karɓar lambar fasfon, ko ya karɓa yau gobe ya ce bai san ka ba. Mutum sunansa Muhammad Sani Abdurrahman, a takardar gwajin jini an yanke rabi, a ta magani an juya na farko ya koma ƙarshe, sai ka je taga kana rantsuwa da hannu da ka cewa duk mutum ɗaya ne. Kuma komai sai an biya kafin a yi, ganin likita ka biya, hoto ka koma ka biya, allura ka sake biya, mai ciwon baya yana ta hawa bene yana sauka. Wallahi wani lokacin zirga-zirgar ta fi ciwon gajiyarwa. Ga sanyi. Kowa na cewa ai Gwanzu kudu ce ba ƙanƙara, gaskiya ne, amma sanyin Janairu a nan mai laima ne, shiga ƙashi yake, kuma gidajen kudu ba su da bututun ɗumama ɗaki irin na Beijin. A haka za a ce ka cire riga ka kwanta rub da ciki. Ka ce kana jin ƙishi a miƙo maka ruwan zafi, don a wajensu ruwan sanyi ga marar lafiya kusan laifi ne.

To likitan. Zai ɗora yatsu uku a wuyan hannunka ya yi shiru, ya ce fito da harshe, ya tambayi barcinka da bayan gidanka da ko kana yawan gumi da dare. Abin da mutanen gida ba su sani ba shi ne likitan nan shekara 5 ya yi a jami'a, jami'ar maganin gargajiya ta garin nan ma tun 1956 take, kuma a asibitin gargajiyar akwai injin hoton ƙashi da ɗakin gwajin jini da ɗakin tiyata. In ya ga alamar abin ya fi ƙarfin allura, hoto zai tura ka.

Ita allurar, akufanca kenan, babu ruwan magani a cikinta ko ɗigo. Nan ne yawancin masu tambayata suke kuskure. Siririn ƙarfe ne ba rami, kaurinsa bai fi na gashin wutsiyar doki ba, a cikin leda a rufe, a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar. Aikin duk a sanin inda za a tsira ne, wuraren da aka daidaita a kansu 361 ne a jiki. Ba ta da zafi irin na allurar asibiti, wani nauyi-nauyi da tsami za ka ji a wajen, a bar ka minti 20 zuwa 30, wani lokacin a haɗa mata ɗan lantarki, ko a ƙona wani busasshen ganye kusa da fata har ɗakin ya turnuƙe. Kenan ko na cika kwantena da ita na aiko, ƙarfe kawai na aiko.

Tana aiki? Su bayaninsu shi ne akwai wani ƙarfi da suke kira "ci" a harshensu, yana zagaya jiki ta wasu hanyoyi, in ya toshe sai ciwo. Likitocin zamani ba su ga hanyoyin nan a tiyata ba, su suna maganar jijiyoyi ne da sinadaran rage zafi da jiki ke saki da kansa. An yi gwaje-gwaje da yawa, kuma abin da ke yawan fitowa shi ne mai daɗaɗɗen ciwon baya ko gwiwa ko ciwon kai yakan ji sauƙi, amma ko an tsira allurar a inda ba wajenta ba bambancin ba shi da yawa. Har Turawan ma kansu bai haɗu ba, hukumar da ke tsara ƙa'idar jinya a Ingila a 2016 ta ce kada a ba masu ciwon baya ita, a 2021 kuma ta ce ana iya gwada ta ga mai daɗaɗɗen ciwon jikin da ba a gano musabbabinsa ba. A Amurka inshorar tsofaffi ta gwamnati ta fara biya wa masu ciwon baya a 2020. Ni dai a abin da na gani, wanda ɗaukar kaya da zaman jirgi suka riƙe masa ƙugu ko wuya yakan miƙe yana murmushi, kuma ya fi masa shan tiramol. Amma ban taɓa ganin likitan kirki a nan ya ce wa mai ciwon suga ko hawan jini ya ajiye ƙwayoyinsa ba. In wani a gida ya ce muku allura ko shayin Chana zai raba ku da suga, ku riƙe kuɗinku. Wanda kuma ƙafarsa ta fara mutuwa ko fitsari ya fara kuɓuce masa, wannan ba na jira ba ne, asibiti a ranar.

Ƙaho kuwa dariya ya ba ni. Da kofin gilashi da wuta suke yi, galibi ba tsaga, duniya ta yi ta mamaki da aka ga tabonsa a kafaɗar ɗan wasan ninƙaya Michael Phelps a gasar Olympics ta Rio ta 2016, mu kuwa wanzamanmu sun gaji da yi. Abin da suka fi mu shi ne tsafta da lasisi. Mai zuwa wajen wanzami ko mai hijama ya tafi da sabuwar reza, ciwon hanta ba ya sallama.

Jiƙe-jiƙen ne masu wuyar sha'ani. Ka shiga kasuwar magunguna ta Cinpin a nan Gwanzu ka ga saiwoyi da ɓawo da busassun halittun da ba ka san sunansu ba. Cikin irin wannan aka samu alheri babba: maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yanzu, irin su Coartem, asalinsa ganyen dangin tazargade ne, wata baiwar Allah Tu Youyou ta bi tsofaffin rubuce-rubucensu ta gano cewa tafasawa ke kashe ƙarfinsa, ta fitar da sinadarin a farkon shekarun 1970, aka ba ta Nobel a 2015. Ku lura, sai da aka tace aka auna aka gwada. Cikin irin wannan kuma aka yi ta'asa a Beljiyam a farkon shekarun 1990, mata da dama suka rasa ƙodarsu bayan shan haɗin rage ƙiba da wani ganyen Chana mai guba ya shiga ciki. Don haka kwalin nan masu hoton dodo da ake tallarsu a gida wai suna maganin cuta arba'in, ba lambar NAFDAC ba bayanin abin da ke ciki, ni ban ga ana rubuta wa kowa su a asibitin nan ba. Musulmi kuma ya tambaya, wasu haɗe-haɗen a giya ake jiƙa su.

Wani abin ma da ya taɓa ni, akwai wani baƙin abu mai danƙo da ake kira ejiyawo, mata ke sha wai ƙarin jini, tsada gare shi. Da fatar jaki ake yin sa. In kuna mamakin yadda jaki ya yi wuya a ƙauye ya fi ƙarfin talaka, ga ɗaya daga cikin dalilan nan. Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, Tarayyar Afirka ma ta amince da hana yanka su don fata a Fabrairun 2024.

Batun kuɗi, allurar kanta a asibitin gwamnati ba ta da tsada, amma ba zuwa ɗaya ba ne, ana jera makonni, masauki da tikiti su za su cinye ku. Biza kuwa labari ne mai zaman kansa, sai wani jiƙon. Gwaggo, ki fara zuwa a ɗauki hoton gwiwar nan ki sa a turo min, zan nuna wa likita a nan mu ji abin da zai ce.

Naku a Gwanzu.