Talata a ɗakin yara, a kan gado na biyu

Yau Talata, ƙarshen Satumba. An girbe gero, amma sauro bai san an yi ba. Ɗakin yara ya cika har ana kwantar da biyu-biyu a gado ɗaya. Duk wanda ya yi aiki a wannan yanki na Haɗeja ya san yadda abin yake daga Agusta zuwa Oktoba: ruwa ya kwanta a fadamu, shinkafa ta yi kore shar, zazzaɓi kuma ya dinga ɗibar yara gida-gida. Na karɓi aiki ƙarfe 8. Sistar dare ta miƙo min littafi idonta jawur, ta ce in fara da gado na biyu.

Gadaje huɗun da ke daf da teburinmu su ne ɓangaren kulawa ta musamman a wurinmu. Ba mu da injin da ke yi wa yaro numfashi, ba mu da allon da zai yi ƙara idan bugun zuciya ya sauya. Muna da na'urar tace oksijin guda ɗaya, da ɗan ma'aunin da ake maƙalawa a yatsa, da na gwajin sukari, da injin zuƙe majina da ake takawa da ƙafa. Sauran aikin ido ne da agogo. Mutanen gari ɗakin gobe da nisa suke ce wa lungun, shi ya sa uwa tana jin an ce ta matso da ɗanta nan sai ta fashe da kuka tun ba a taɓa shi ba.

Yarinyar gado na biyu shekararta 3, nauyinta kilo 11. Da asuba aka iso da ita daga wani ƙauye da ke hayin kogi, kwalekwale tukuna sannan babur, uwar tana rungume da ita a tsakiya. Tun Juma'a jikinta ya yi zafi. An sayo mata maganin ruwa a kemis, zafin ya sauka ya dawo. Jiya da la'asar ta fara jijjiga, kakarta ta ce iska ce, aka kwana ana tofi da hayaƙi. Ban ga laifinsu ba, don ko sun so fitowa babu mai tuƙa kwalekwale cikin duhu a irin cikar da kogin ya yi. Amma awannin nan na dare su ne muke biya yau.

Gwaji ya nuna maleriya. Ma'aunin suma da muke amfani da shi, wanda aka fito da shi a Malawi, yana tafiya daga 0 zuwa 5, ita kuwa tana kan 2: ka matsa farcenta ta janye hannu ta yi ɗan nishi, shi ke nan. Sukarin jininta 1.9 ne, alhali duk abin da ya gaza 2.2 a mai irin wannan zazzaɓi haɗari ne na nan take. Jininta kuwa kashi 13, tafin hannunta fari fat. Sistar dare ta riga ta tura mata ruwan sukari ta jijiya, ta yi mata allurar artesunet, maganin maleriya mai tsanani, miligiram 3 a kowane kilo tunda ba ta kai kilo 20 ba. Ta biyu sai bayan awa 12, ta uku bayan awa 24. Likita ya haɗa mata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin yaron da ke cikin suma ba ka iya rantsewa ba sanƙarau ba ne sai an ɗebi ruwan baya, ita kuma ba ta da ƙarfin da za a lanƙwasa ta yau.

Neman jinin da za a ƙara mata ne ya cinye mana safiya. Na uban bai dace ba. Ƙanensa ya ce shi aikin gona ya tsotse shi, ba shi da na bayarwa, sai da mai ɗakin gwaji ya auna shi ya nuna masa lambar da idonsa sannan ya miƙa hannu. Kafin a tace a kawo, ƙarfe 11 ta wuce. Duk wannan lokacin yarinya tana wani irin numfashi mai zurfi, a hankali, ƙirji yana ɗagawa sosai. Uwar ta ce min, "Sista, kin ga ta samu barci." Ban iya ce mata komai ba. Irin numfashin nan alama ce jini ya yi tsami saboda oksijin ba ya isa ga sassan jiki, kuma a cikin duk alamomin da muke gani yana cikin waɗanda suka fi tayar min da hankali.

Kakar ce ta fi ba ni aiki, Allah ya ja kwananta. Ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "'Yar nan, ni ban ga kun buɗe mata ruwa ba. Na gadon can ledarsa tana gudu, tamu tana ɗiga ɗaya-ɗaya." A wurin mutanenmu ƙarin ruwa shi ne magani, wanda ba a rataya masa leda ba kamar ba a duba shi ba ne. Na ce, "Inna, shi gudawa ta ƙwaƙule shi, dole a mayar masa da abin da ya zubar. Ita jikarki ruwanta bai zube ba, jini ne ya ƙare. In muka buɗe mata zai taru a huhu." Mu kanmu a makaranta an koya mana cewa yaro mai zazzaɓi in hannunsa ya yi sanyi a tura masa ruwa da sauri. Sai a 2011 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Uganda da Kenya da Tanzaniya, a kan yara sama da 3,000, ya nuna waɗanda aka tura wa ruwan da sauri sun fi mutuwa. Tun daga nan hannunmu ya yi sanyi da buɗe leda. Inna dai ta yi shiru ne kawai, ban ce ta yarda ba.

Ina juyawa na hango ta da cokali da ƙoƙo, tana ɗaga haɓar yarinyar za ta ɗura mata rubutu. Na yi tsalle na riƙe hannunta. Yaron da ke cikin suma ba ya iya haɗiya, abin da ka zuba masa a baki hanyar huhu yake bi, bayan kwana biyu kuma ciwon haƙarƙari ya hau kan wanda ake fama da shi. Yara da yawa maleriyar ta sake su, koko ko ruwan da aka ɗura musu da ƙauna ya tafi da su. Ban hana ta rubutunta ba. Na ce, "Inna, shafa mata a goshi da ƙirji, addu'a ba sai ta bi ta maƙogwaro ba." Ta shafa. Muka kwantar da yarinyar ta gefe, muka sa mata robar hanci da za a dinga ba ta madara kaɗan-kaɗan, na nuna wa uwar yadda za ta juya ta duk bayan awa biyu don kada fatar baya ta ɗaye.

Wajen azahar wuta ta ɗauke. Na'urar oksijin ɗin mutum biyu ke shan ta, yarinyar da wani jariri mai wata 5 da haƙarƙarinsa ke lotsawa, numfashinsa ya haura 60 a minti. Kafin a tayar da janareta ma'aunin oksijin ɗinsa ya sauko daga 93 zuwa 84, mu kuwa ƙasa da 90 ba ma wasa da shi. Muka jawo tukunyar ajiya muka haɗa masa. Ya dawo.

Yaron gado na huɗu, mai tamowa, ya rasu bayan la'asar. Kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ƙafafunsa a kumbure, jikinsa sanyi ƙalau tun safe duk da bargo. Irinsu ba sa ma yin zazzaɓin da zai nuna maka ƙwayar cuta ta shiga jini, zuciyarsu kuma ba ta ɗaukar komai. Uwarsa ta goya shi ta yafa mayafi ta fita. Allah ya sa mai ceto ne.

Na koma kan gado na biyu na tarar fatar idonta tana ɗan motsi, babban yatsanta yana karkarwa, miyau na dalala. Ba wanda ya lura, don kowa jijjigar da ke girgiza gado ya sani. Wannan ƙaramar ita ma jijjiga ce, kuma tana cin ƙwaƙwalwa a ɓoye muddin ba a tsayar da ita ba. Na fara da gwada sukari, ya sake faɗuwa, muka ƙara mata. Da abin bai tsaya ba likita ya ce a ba ta diyazifam. Maganin nan yana tsayar da jijjiga amma yana iya danne numfashi, saboda haka na zauna a gefenta da jakar hura iska a cinyata ina ƙirga. A nan ne rashin injin numfashi yake yi min ciwo. Wani bincike da aka yi a Malawi da hoton ƙwaƙwalwa, wanda ya fito a 2015, ya gano cewa yaran da wannan cuta ke kashewa ƙwaƙwalwarsu ce ke kumbura har ta danne wurin da ke sarrafa numfashi. Zuciya tana bugawa, numfashi ya tsaya. In ya tsaya a hannunmu, matsa jaka kawai za mu yi har hannu ya gaji.

Tsakanin wannan da wancan aka ce ana nemana a baranda. Wata uwa ce da muka sallami ɗanta makonni uku da suka wuce, shi ma suma ya yi na kwanaki ya farfaɗo, har muka yi ta murna. Na ce, "Maman yaro, ya jikin nasa?" Ta ce da sauƙi. Da sauƙin nan kuwa, yaron da a da yake kiran sunan kowa a gidan yanzu ba ya magana, hannun hagu a sake, in ya taka sai ya ja ƙafa. Na ja fatar idonsa na ga ta yi fari. Jini yakan sake raguwa mako ɗaya zuwa uku bayan allurar artesunet, shi ya sa muke cewa a dawo a gwada. Na tura su ɗakin gwaji, na rubuta musu takardar zuwa Dutse wurin masu gashin ƙashi.

A littafinmu yaron nan yana layin waɗanda suka warke. Littafin gida huɗu gare shi: an sallama, an tura gaba, ya rasu, an tafi da shi ba izini. Babu gidan wanda ya koma bebe, ko wanda farfaɗiya za ta kama shi baɗi, ko wanda zai shiga aji ɗaya malam ya ce daƙiƙi ne. Babu kuma na wanda zai mutu a gida cikin watannin farko bayan sallama, alhali an san lokacin nan yana da haɗari ga yaron da jininsa ya taɓa ƙarewa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2022 a ci gaba da ba irinsu maganin kariya na wasu watanni bayan sun koma gida. Binciken ƙasa na 2018 ya ce a Jigawa yara 213 cikin 1,000 ba sa kai shekara 5. Waɗannan aƙalla an ƙirga su. Ni a ganina aikinmu yana tsayawa ne a bakin ƙofar asibiti, ciwon kuwa yana bin yaro har ɗakin uwarsa.

Da yamma matsala ta koma fitsari. Tun safe abin da ya taru a ledar fitsarinta ɗan kaɗan ne, launinsa kamar shayin da ba a zuba wa madara ba. Ƙoda ta fara gajiya. Likita ya kira uban ya ce in bai ƙaru ba zuwa safiya, Kano ce mafita, Asibitin Malam Aminu Kano, inda ake wankin ƙoda kuma akwai injin numfashi. Da likita ya wuce sai uban ya dawo kaina.

"Malama, tsakaninki da Allah, in na kai ta za ta tashi?"

Na ce, "Malam, rai na Allah ne, amma ga abin da na sani. Cikin yara biyar ko shida masu irin sumar nan, ɗaya yakan tafi ko da an yi masa duk abin da ya kamata. Cikin waɗanda suka tashi akwai masu tashi da tabo. A can akwai abin da ba mu da shi. Hanyar kuma tafiyar awa uku ce ko fiye, da tukunyar oksijin ɗaya, in ta yi jijjiga a mota sai dai a tsaya a gefen titi." Ya tambayi kuɗin mai da na gado. Na gaya masa iya abin da zan iya tsaya masa a kai. Ya ce yana da buhun gero shida da tunkiya, kuma yara biyar ne a gida za su ci geron har damina ta zagayo. Ban ce masa ya sayar ba, ban ce kada ya sayar ba.

Allurar ƙarfe 5 ta shiga a kan lokaci. An gama ƙarin jinin lafiya, leɓenta ya ɗan yi ja, numfashin nan mai zurfi ya lafa. Kafin in tashi na matsa ƙirjinta ta kai hannu ta ture nawa, ma'aunin suma ya koma 3. Na rubuta wa sistar dare: sukari duk awa huɗu da duk lokacin da ta canza, a auna fitsari a rubuta adadinsa, kada a bar komai ya shiga bakinta, a sa ido a kan Inna da ƙoƙonta. Likita ya ce zai kira Kano da sassafe ya ji ko akwai gado kafin a tayar da mota. Uban ya hau babur da ƙanensa sun tafi wurin wani dillalin hatsi kafin magariba ta rufe kogi.