Sabunta katin lafiya ta waya a Aboabo: inda aikin ke cijewa

Tun da aka fara sabunta katin inshorar lafiya ta waya a ƙarshen 2018 muke kafa tebur a unguwar Aboabo, a Ghana, muna taya mutane. Aikin bai fi minti biyu ba: a danna *929#, a sa lambar kati, a biya da Momo, wato asusun kuɗi na waya. Da wuya ka ga na'ura ce ta kawo cikas.

Suna ne ya fi ba mu wahala. Mutum ɗaya, katin lafiya ya ce Mahamadu, Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ya ce Mohammed. Dattawanmu da yawa ba su da takardar haihuwa, kowane ofishi suka je sai a ƙiyasta musu shekara dabam. In aka zo haɗa katunan biyu sai su ƙi haɗuwa, gyaran kuma sai an taka zuwa ofis, sau da yawa har da takardar rantsuwa. Shi ya sa yanzu kafin a taɓa waya muke jera katunan, mu duba suna harafi da harafi, sannan ranar haihuwa.

Sai yarda. Da aka kawo E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, a Mayun 2022, kashi 1.5 cikin 100, mutane suka riƙa kwashe kuɗinsu daga waya. An soke harajin a 2025, amma har gobe wata Hajiya za ta ce maka, "Ɗana, ba za su yanke mini ba?" Ga kuma 'yan damfara masu bugo waya. Don haka ba ma karɓar lambar sirrin kowa. Mukan miƙa wayar mu kau da kai, mai ita ya danna da hannunsa, ko da zai ɓata lokaci. Rubutun da ke fitowa a wayar duka da Turanci yake, sai mun fassara layi-layi.

Tsofaffi ba sa ɗaukar saƙon waya a matsayin rasit, jikoki ma kan goge shi. Mukan rubuta ranar ƙarewa a 'yar takarda a cusa cikin jakar katin, domin wanda ya yi sake katinsa ya daɗe da mutuwa sai ya jira wata guda kafin ya fara aiki, kuma galibi a bakin asibiti ake gane haka.

Fosta ba ta kawo kowa. Sanarwar liman bayan Juma'a ce ke cika benci da maza. Mata kuwa sai ta bakin malamar Islamiyya, kuma bayan La'asar, in an taso daga kasuwa.