Ta Kama Wi-Fi Amma Babu Intanet

Kwamfuta ta nuna ta kama Wi-Fi ba shi ne an shiga intanet ba. Tsakanin kama sigina da buɗewar shafi akwai matakai, kuma a wuraren jama'a irin su otal, filin jirgi ko ɗakin karatu akwai ƙarin mataki guda da babu shi a gida. A wani otal a Abuja na fahimci haka, lokacin wani taron horaswa, ranar da ake jiran in tura rahoto kafin la'asar.

A jerin Wi-Fi sunan otal ɗin yana nan, har an rubuta ta haɗu. Amma a ƙasa, kusa da agogo, sai ɗan hoton duniyar nan da Windows ke sakawa idan ba ta ga intanet ba. Na sauka wurin masu karɓar baƙi. Yaron da ke wurin ya ce, "Yallaɓai, ai kowa na amfani da shi, ga tawa ma," ya miƙo mini wayarsa bidiyo na tafiya sumul. Na gwada wayata, nan take wani shafi ya fito yana neman lambar ɗaki da kalmar sirrin da ke jikin katin makulli. Na saka, ta shiga. Wannan ɗan gwajin ya rage mini rabin aiki: layin otal lafiyarsa ƙalau, matsalar tana cikin kwamfutata. Duk wanda ya tsallake shi zai iya ɓata awa guda yana gyaran na'urar da ba ta da laifi, ko yana faɗa da ma'aikatan da ba su da laifi.

Na koma ɗaki na buɗe baƙin allon nan na cmd, inda ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rubuta ipconfig. Abin da nake nema shi ne adireshin da rauta, wato na'urar da ke raba intanet ɗin, ta ba ni. Duk na'urar da ta haɗu, rauta ce ke ba ta lamba ta wani tsari da ake kira DHCP. Idan kwamfuta ta nema ba a ba ta ba, sai ta ƙirƙiro wa kanta wadda ke farawa da 169.254, kuma da wannan lambar ba inda za a je. Ana yawan ganin haka a ɗakin taro, domin ƙananan rautoci galibi adireshin da suke rabawa ba ya wuce 254, ga kowa da waya biyu da kwamfuta. In hakan ta faru, ipconfig /release sannan ipconfig /renew kan taimaka. In ba su yi ba, wataƙila adireshin ne suka ƙare, sai dai a gaya wa masu wurin. Tawa lambar da 10 ta fara, ga kuma adireshin rautar a ƙasanta. Wato nan ma babu matsala.

Saura shafin nan da ya fito a waya ya ƙi fitowa a kwamfuta. Shi kamar mai gadi yake: kana cikin harabar gida, amma ba ka wucewa sai ka sa hannu a littafinsa. Yadda yake aiki shi ne, ka nemi wani shafi, sai ya tare buƙatar ya miƙo maka nasa. To, wannan tarewar tana yiwuwa ne cikin sauƙi a shafukan da adireshinsu ke farawa da http kawai. Masu https a kulle suke, in aka tare su burauza sai ta yi gargaɗi ko ta ƙi gaba ɗaya. Google da Facebook ma sun riga sun gaya wa burauza kada ta taɓa buɗe su sai da makulli. Shi ya sa rubuta google.com, abin da yatsunmu suka saba, shi ne gwaji mafi rashin amfani a irin wannan hali. Su kansu na'urorin suna da nasu shafukan gwaji da suke taɓawa a ɓoye: Windows tana neman msftconnecttest.com, kayan Apple kuma captive.apple.com. Akwai kuma neverssl.com, wanda aka yi shi musamman don wannan aiki.

Na rubuta neverssl.com. Shiru, sai saƙon cewa ba a ma gano adireshin shafin ba. Ruwa ba ya tsami banza. Ba a ce shafin ya ƙi amsawa ba, cewa aka yi ba a san inda yake ba, kuma mai wannan aikin shi ne DNS, wanda ke mayar da sunan shafi zuwa lamba. Na rubuta ipconfig /all, na gangara ƙasa, sai ga 8.8.8.8 a gaban DNS. Na Google ne, mai kula da kwamfutocin ofishinmu ya saka mana shi tun tuni saboda ya fi na kamfanin layinmu sauri. A ofis alheri ne. A otal kuwa, yawancin irin waɗannan shafukan shiga ba sa barin ka yi magana da kowa a waje kafin ka sa hannu, har da DNS na Google ɗin. Kwamfutar tana tambayar wanda aka hana ta kaiwa gare shi, ta ƙi tambayar wanda ke gabanta.

Na shiga saitin Wi-Fi ɗin na mayar da DNS ya zama na kai-tsaye daga rauta, na rubuta ipconfig /flushdns don a share tsofaffin amsoshi, na sake kiran neverssl.com. Tambarin otal ya bayyana da akwatuna biyu. Rahoto ya tafi.

Washegari a ɗakin taro labari ya bazu, sai na zama mai gyaran dole. Wata Hajiya daga cikin mahalarta ta turo mini tata ta ce, "Malam, don Allah duba mini, tun jiya nake fama." Ita VPN ne, wato manhajar da ke ɓoye bayanan da kake aikawa ta intanet, ke tashi da kansa da zarar an kunna kwamfuta, kuma an saita shi ya toshe komai muddin bai haɗu ba. Shi yana jiran intanet, intanet tana jiran a sa hannu a shafin da shi ya toshe. Muka kashe shi, ta shiga, ta sake kunna abinta. Na wani saurayi ya fi ba ni dariya. Tsohuwar kwamfuta ce ta hannu, ta wuce shafin shiga lafiya, amma duk inda ya nufa sai jan gargaɗi cewa haɗin ba amintacce ba ne. Na kalli kusurwar allo, kwanan wata na nuna shekarar 2009. Ɗan batirin da ke riƙe agogo a cikin injin ya mutu, ita kuma burauza da kwanan wata take auna takardun shaidar shafuka. Muka gyara agogo, gargaɗi ya ɓace, na ce masa ya sa a canza batirin in ya koma gida, in ba haka ba zai riƙa maimaita wannan aikin.

Akwai kuma masu ƙorafin kullum da safe sai an sake tambayarsu kalmar sirri. Wani lokaci tsarin otal ne haka. Wani lokaci kuma kwamfutar ce aka saita ta riƙa canza lambar shaidarta ta MAC kowace rana, otal kuwa da wannan lambar yake gane ka, sai ya ɗauke ka sabon baƙo.

Ni dai ban yarda da Wi-Fi na jama'a ɗari bisa ɗari ba, ko da ya yi aiki. Kowa na iya buɗe nasa ya raɗa masa sunan otal, don haka nakan tambayi ainihin sunan a wurin ma'aikata kafin in haɗa. Shafin shiga da ya nemi lambar katin banki ko BVN ba na shiga ba ne, a rufe shi. In Windows ta tambaya, a zaɓi cewa layin na jama'a ne don kada wasu su ga kwamfutar. Harkar banki kuwa da datar wayata nake yi.

Da na koma ofis na ba mai kula da kwamfutocinmu labari. Ya cire 8.8.8.8 daga duk kwamfutocin da ake tafiya da su, ya saka shi a cikin rautar ofis, ta yadda muna cin moriyarsa a wurin aiki ba tare da ya bi mu otal ba.