Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Yadda ake intabiyun aikin teburin taimako a kamfanin fasaha

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan tarihi. Makon jiya mun tsaya a daidai inda takardar gayyata ta iso daga wani kamfanin fasaha da ke neman mai zama a teburin taimako, wato wanda ma'aikata da kwastomomi ke kai wa kuka idan kwamfuta ta ƙi ko intanet ta ɗauke. Wannan makon zan jingine labarin kaina, domin ƙannena da yawa da ke karanta wannan tarihi irin aikin suke nema, kuma sanin yadda intabiyun take gudana ya fi musu amfani.

Ba kasafai ake gamawa a zama ɗaya ba. Da farko wani daga sashen ɗaukar ma'aikata zai kira ka a waya, hirar da ba ta cika wuce minti 20 ba. Ka gama hidimar ƙasa? Za ka iya aikin dare da na ƙarshen mako? Nawa kake sa ran a biya ka? Shi ba injiniya ba ne, muryarka da natsuwarka yake aunawa, don rabin aikin nan a waya ake yin sa. Wasu kamfanonin kan biyo da gwajin lissafi da Turanci. Duk wannan share fage ne. Inda ake kayar da mutane shi ne zama da injiniyoyi biyu ko uku.

Tambayar da kusan ba ta fashi ita ce: "Wani ma'aikaci ya kira ya ce intanet ɗinsa ba ta aiki, me za ka yi?" Amsoshi biyu ne ke kashe mai nema nan take. Ɗaya, "zan yi wa kwamfutar fomat," wato a goge duk abin da ke cikinta. Ɗayar, "zan kashe rauta in sake kunnawa," wato na'urar da ke raba intanet a ofis. Wanda ya koyi gyara a kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano yana da hannu, ba na raina shi, amma a can mai kaya yana tsaye a kanka yana sauri, fomat takan raba gardama. A kamfani kuwa, cikin kwamfutar nan akwai takardun aikin shekaru, kuma rautar da za ka kashe ta ɗauki ofis guda. Don mutum ɗaya ka yanke wa kowa sabis.

Abin da suke jira su ji shi ne ka fara da tambaya, matambayi ba ya ɓata. Kai kaɗai ne, ko har da na kusa da kai? Yaushe abin ya fara? An canza wani abu jiya ko yau? Da kebul kake ko da Wi-Fi? Duk shafuka ne suka ƙi buɗewa ko guda ɗaya? Me allon ya rubuta, karanta mini shi yadda yake. Amsar tambayar farko kaɗai ta raba matsalar gida biyu: idan kowa ne, ba kwamfutarsa ba ce, kada ka ɓata lokaci a kanta.

Idan shi kaɗai ne, sai ka faro daga abin da hannu ke taɓawa. Kebul ɗin ya shiga ramin har ya yi ƙara? 'Yar fitilar da ke bakin ramin tana ƙiftawa? Bai danna maɓallin yanayin jirgin sama bisa kuskure ba? Daga nan ka buɗe baƙin allon ba da umarni na Windows ka rubuta ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin IP, wato lambar da ake gane kwamfutar da ita a kan hanyar sadarwa. Adireshin IP na cikin gida yakan fara da 192.168, ko da 10, ko daga 172.16 zuwa 172.31. In ka ga ya fara da 169.254, to kwamfutar ta nemi adireshi daga DHCP, tsarin da ke raba wa kwamfutoci adireshi, ba a ba ta ba, sai ta laƙaba wa kanta. Wannan lamba ka haddace ta, ana son tambayarta ƙwarai. Maganin farko shi ne ipconfig /release sannan ipconfig /renew. Idan ta sake dawowa da 169.254, matsalar tana kebul, ko ramin da ke jikin bango, ko na'urar da ke raba adireshin.

In adireshin lafiya lau, sai ping, umarnin da ke taɓa wata na'ura a ga ko za ta amsa, kuma bi da bi ake yinsa. Ka fara da adireshin rauta, wanda ipconfig ya riga ya nuna maka. Ya amsa, ka san cikin gida kalau. Sai ka yi ping 8.8.8.8, wanda na Google ne. Bai amsa ba, to tsakanin rauta da kamfanin da ke ba ku intanet ne, kuma wannan ya fi ƙarfin kujerarka, na sama da kai za ka miƙa wa. Idan kuma 8.8.8.8 ya amsa amma ping google.com ya ƙi, DNS ce. Aikinta kamar jerin sunayen da ke wayarka ne: ka danna sunan mutum, ita ta nemo lambarsa. Hanya a buɗe take, mai nemo lambar ne ya kwanta. A nan sai nslookup don tabbatarwa, da ipconfig /flushdns don share tsohon abin da kwamfutar ta riƙe. Ka ƙara da cewa wasu ofisoshi da gangan suke toshe ping, don haka shirunsa ba hujja ba ce a kullum. Wannan 'yar magana takan sa injiniya ya ɗago kai ya dube ka.

Akwai wata da na fi so a yi wa mai nema, saboda kwamfutocin gwanjo sun cika ofisoshinmu. Intanet tana nan, amma kowane shafi aka buɗe sai ya ce haɗin ba amintacce ba ne. Kafin ka zargi ƙwayar cuta, dubi agogon da ke kusurwar allo. Idan kwanan wata ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban allon ciki ne ya mutu, CR2032, mai bolt 3. Shafuka masu https suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da ba ta san yau wace rana ba ce kuwa ba za ta yarda da su ba. Ka gyara agogo, ka canza batiri, shi ke nan.

Lambobin ƙofofi, wato port ɗin da kowane irin sabis ke bi a intanet, haddar dole ce, ba wani tunani a ciki: 80 da 443 na shafukan yanar gizo, 53 na DNS, 22 na SSH (ba da umarni ga na'ura daga nesa), 3389 na shiga kwamfuta daga nesa, 587 na tura imel, 993 na karɓarsa ta IMAP.

Kwamfuta mai nauyi, wato mai saiɓi, ita ce tambaya ta biyu a farin jini. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka ga wace manhaja ke cin ƙarfin kwamfutar. Idan faifan ajiya ya tsaya a kashi 100 kuma tsohon mai juyawa ne, sauya shi da SSD, faifan da ba ya juyawa, ya fi duk wata dabara. Idan RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, gigabait 4 ce, mutum ya buɗe shafuka 30, ba aljani ba ne. Sannan kada ka manta da ƙasar da kake: ƙurar hunturu takan toshe fanka, kwamfuta ta ɗau zafi, sai ta rage gudun kanta don kada ta ƙone. Za su iya jefo maka batun Windows 10, wadda Microsoft ya daina tallafa wa ranar 14 ga Oktoba 2025, su ce me ya sa wasu tsofaffin kwamfutoci suka ƙi karɓar Windows 11. Amsar galibi rashin TPM 2.0 ce, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, ko tsufan ƙwaƙwalwar na'urar. Firinta kuwa, in takardu sun yi cunkoso a layi sun ƙi fita, ka tsayar da Print Spooler, manhajar Windows da ke riƙe layin takardun, ka share abin da ya maƙale, ka sake tayar da shi.

Wasu kamfanonin ba sa tsayawa a baki. Za a ajiye maka kebul da kan RJ45, wato bakin kebul ɗin intanet, da filaya a ce haɗa. Jerin launin wayoyin cikin kebul a tsarin T568B shi ne: fari-da-lemo, lemo, fari-da-kore, shuɗi, fari-da-shuɗi, kore, fari-da-ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jera koren nan biyu a gefen juna, alhali shuɗayen ne ke shiga tsakaninsu. Kuma tsawon kebul kada ya wuce mita 100, in ya wuce sabis ya fara yankewa.

Sai wasan kwaikwayo. Ɗaya daga cikinsu zai zama kwastoma mai fushi, ya yi ta ɗaga murya da gayya. Kada ka katse shi, kada ka ce masa laifinsa ne ko da nasa ne. In ya numfasa, ka maimaita masa matsalar da bakinka don ya san ka ji, ka faɗa masa abin da za ka yi yanzu da lokacin da zai sake ji daga gare ka. Kada ka yi alkawarin minti 5 a kan abin da ba a hannunka yake ba.

Tarkon da ya fi wannan shi ne a ce babban oga ne a waya, yana filin jirgi, a canza masa kalmar sirri yanzun nan. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba takan sa yaro ya ce "to, ranka ya daɗe" ya canza. Ya faɗi intabiyun. Ta wannan ƙofa 'yan damfara ke shiga kamfanoni. Amsar ita ce, cikin ladabi, "Yallaɓai, zan kira ka a lambar da ke rajista a wurinmu in tabbatar, sannan in canza." Ba ka tambayar kowa tsohuwar kalmarsa, sabuwar da ka bayar kuma ta wucin gadi ce, dole ya sauya ta a shigar farko. Tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, kamfanoni ba sa wasa da wannan. In suka bi da cewa asusun mutum yana ta kullewa bayan an buɗe, ka tambayi wayarsa: sau da yawa manhajar imel ce ke ta gwada tsohuwar kalmar har tsarin ya sake kulle shi.

Za kuma a haɗa maka koke uku a lokaci guda, a ce wanne za ka fara: linzamin kwamfutar manaja ya mutu, firintar mutum ɗaya ta ƙi, sashen kuɗi gaba ɗaya ba sa iya shiga tsarin biyan albashi. Da yawan waɗanda abin ya shafa da girman asarar ake aunawa, ba da girman kujera ba. Kowane koke kuma ana buɗe masa tikiti, a Jira ko Zendesk ko makamancinsu. Idan za ka miƙa wa na mataki na biyu, wato injiniyoyin da ke sama da kai, ka rubuta abin da ka gwada da sakamakonsa, kada su sake faro tambayoyin daga tushe.

In an tambaye ka abin da ba ka taɓa gani ba, ka ce ba ka taɓa gani ba, ga inda za ka fara dubawa. Kame-kame suke ƙi. Haka nan duk abin da ka rubuta a takardar neman aiki, bashi ne za a bi ka. Ka rubuta Linux, za a ce fassara mana umarnin chmod 755. Satifiket irin CompTIA A+ mai jarrabawa biyu, ko CCNA na Cisco, ko kwas ɗin Google da ke Coursera, suna taimaka wa takardarka ta tsallake tantancewa, amma a ɗakin nan ba sa amsa maka tambaya ko ɗaya.

Idan ta bidiyo za a yi, ka cika caji tun da wuri, ka tanadi layi biyu na kamfanoni daban da data aƙalla gigabait 2, ka gwada sauti da kyamara tun ana gobe intabiyun. Mai neman aikin gyaran na'ura da tasa na'urar ta ba shi kunya, uzurinsa ba ya karɓuwa sosai.

A ƙarshe za su ce kana da tambaya. Ka tambaya ko kamfanin ne da kansa zai ɗauke ka ko ta hannun ɗan kwangila, don albashi da haƙƙoƙi sun bambanta. Ka tambayi tsarin aikin dare, da ko kuɗin da aka ambata kafin cire haraji ne da kashi 8 na fansho. Wanda kuma ya ce ka biya kuɗin fom ko na horo kafin intabiyu, ka riƙe kuɗinka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarin, daga ranar da takardar ɗaukar aiki ta fito da abin da ke rubuce a cikinta.