Makin Medicare a ƙaramin asibitin idonmu

Asibitin ido gare ni a Amurka, ɗan ƙarami: likitoci biyu, ni da abokin aikina, sai ma'aikata biyar. Yawancin masu zuwa wurinmu dattawa ne, domin yanar ido da hawan jinin ido da ɓarnar da ciwon sukari ke yi wa ido duk sun fi kama wanda ya manyanta. Dattijo kuwa a ƙasar nan, da zarar ya cika shekara 65, Medicare ce ke biya masa, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya. Ke nan tukunyarmu a kan murhunta take.

A 2015 majalisar dokoki ta yi wata doka mai suna MACRA, daga cikinta aka haifi tsarin auna aikin likitoci mai suna MIPS, wanda ya fara aiki a 2017. Duk shekara ana ba likita maki cikin ɗari. Shekarar farko wasa ce, maki 3 kacal ake nema ka tsira, wanda bai kai ba a rage masa kashi 4 cikin ɗari na kuɗin da Medicare ke biyan sa. Daga 2022 ma'aunin ya koma maki 75, ragin kuma yana iya kai kashi 9. Abin da ka shuka bana sai bayan shekara biyu za ka gan shi a asusu. Kashi 9 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne, don mai gida ba ya rage kuɗin haya, albashin ma'aikata ma yana nan yadda yake. Daga aljihuna zai fita.

Asibitin da likitocinsa ba su wuce 15 ba an yi masa sassauci, mu ma muna ciki. Makinmu kashi 40 daga ingancin aiki yake zuwa, 30 daga yawan kuɗin da aka kashe a kan majinyatanmu, 30 daga ayyukan kyautata asibiti. Na ƙarshen ba shi da wahala. Na farkon ne ke hana ni barci.

Ma'auni shida ake zaɓa, ɗaya a ciki dole ya auna sakamako, ba wai an yi ko ba a yi ba. Namu na sakamako shi ne aikin yana: cikin waɗanda aka cire wa yana, mutum nawa ne ganinsu ya kai 20/40 (wato su ga a nisan ƙafa 20 abin da lafiyayyen ido ke gani a ƙafa 40) ko ya fi cikin kwana 90? Akwai kuma duba jijiyar ido ga mai hawan jinin ido, da aika wa likitan sukari bayanin abin da muka gani a bayan idon majinyacinsa. Ba da hannu muke ƙirgawa ba. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta buɗe rumbun bayanai mai suna IRIS a 2014, shi ke jawo alƙaluma daga kwamfutocinmu, mu duba, sannan a miƙa kafin ƙarshen Maris.

Wata shekara, wajen watan Oktoba, na buɗe shafinmu na ga makin aikin yana a ƙasa warwas. Gabana ya faɗi. Ni na yi wa mutanen nan aiki da hannuna, na ga sun dawo suna karanta ƙananan layukan allo suna murna, to ina aka samu matsala? Kwana uku muna tono kafin muka gano. Sabuwar ma'aikaciyarmu, mai hankali da ƙwazo, tana auna ganin kowa daidai, amma tana rubuta sakamakon a filin sharhi maimakon ɗan akwatin da aka tanada. Na'ura kuwa akwatin kawai take karantawa. A wurinta, mutanen nan ba a taɓa auna su ba. Laifin ba na yarinyar ba ne, ni ne ban zauna na nuna mata ba. A binciken nan muka ci karo da wani kuskuren, nawa na kaina. Ma'aunin yana cire wanda ke da wata cutar da za ta hana shi gani sosai ko an yi aikin lafiya, kamar lalacewar tsakiyar bayan ido, amma sai an sa lambar cutar a fayil. Ni ina rubutawa da kalmomi, ba na sa lambar. Abin da ya yiwu a ceto aka ceto, saura ya tafi a haka, don ba a komawa a taɓa fayil ɗin majinyaci saboda neman maki.

Akwai abin da har yau yake ba ni dariya. Idan kusan kowane likita yana cin wani ma'auni, sai a ce ya ƙure, a rage darajarsa daga maki 10 zuwa 7. Wato ka iya, kowa ya iya, sai a rage muku lada gaba ɗaya. Ladan ma daga kuɗin da aka rage wa waɗanda suka gaza ake biyan sa, shi ya sa a shekarar farko wanda ya ci ɗari cif ƙarin da ya samu bai kai kashi 2 ba. Hukumar MedPAC, mai ba majalisa shawara kan kuɗin Medicare, tun 2018 ta ce a soke tsarin. Yana nan dai.

Amma ba zan ci amanar gaskiya ba, wasiƙar likitan sukari ta canza mini aiki. Da can nakan ce wa dattijo, "Baba, ka gaya wa likitanka sukari ya fara taɓa ido," ya ce to, ya fita, shi ke nan. Yanzu ba ma rufe fayil sai takarda ta tafi, kuma ba sau ɗaya ba likitan ya kira ni ya ce ya sauya wa mutumin magani.

Yanzu duk Juma'ar farko ta wata muna rufewa da wuri, mu zauna mu uku gaban kwamfuta mu bi alƙaluman ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar nan ita ke jagorantar zaman. A gefen kowane allo ta manna 'yar takarda da rubutun hannunta: "A akwati, ba a sharhi ba."