Yadda ake auna lambobin da ke cikin littattafan sauyin yanayi da ƙarewar halittu

Babban darasin da nazarin littattafan muhalli ya koya mini shi ne, da wuya marubucin kirki ya ƙirƙiro lamba daga kansa. Abin da ya fi faruwa shi ne lambar gaskiya ce, amma an raba ta da sharaɗin da ta zo da shi: daga wace shekara aka fara lissafi, da wane ma'auni, kuma me aka ƙirga. Da zarar sharaɗin ya faɗi a hanya tsakanin rahoton bincike da littafi, sai mai karatu ya ɗauki abin da mai binciken bai taɓa faɗa ba.

A ɗauki batun ɗumamar duniya. Idan littafi ya ce zafi ya ƙaru da digiri kaza, tambayar farko ita ce: idan aka kwatanta da yaushe? Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, wanda aka kafa a 1988, yana aunawa daga matsakaicin shekarun 1850 zuwa 1900, kuma a kan haka ne ya ce zafin 2011 zuwa 2020 ya ɗara da kusan digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta saba amfani da 1951 zuwa 1980. Hukumomin hasashen yanayi kuwa galibi da 1991 zuwa 2020 suke kwatantawa, kuma tazarar wannan da na IPCC ta kusa digiri 0.9. Shekara guda ke nan za ta iya fitowa da lambobi uku a littattafai uku, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Haka ma iyakar ɗumamar digiri 1.5 da ƙasashen duniya suka sa a yarjejeniyar Paris ta 2015: a kan matsakaicin shekaru masu yawa ake auna ta, kimanin ashirin. Shekarar 2024 ta haura 1.5, wannan gargaɗi ne babba, amma shekara ɗaya ba ita ce ma'aunin yarjejeniyar ba.

Littattafan da aka buga a Amurka kan yi amfani da Farenhait, kuma nan masu fassara ke tuntuɓe. Ƙarin digiri 1.5 na Salshiyas ƙarin 2.7 ne na Farenhait. Ana ninkawa da 1.8 ne kawai, ba a ƙara 32, domin bambanci ake aunawa ba zafin wuri ba. Wanda ya ƙara 32 zai samu 34.7, lambar da ba ta da ma'ana a nan.

Irin wannan tarkon yana nan a lissafin hayaƙi. Wasu na ƙirga tan na kabon zalla, wasu tan na iskar kabon dayokzaid. Tan ɗaya na kabon yana ba da tan 3.67 na iskar, saboda nauyin ƙwayarta 44 ne, na kabon 12. Shi ya sa wani zai rubuta cewa ƙona kwal da fetur da gas na fitar da kusan tan biliyan 10 a shekara, wani ya ce kusan biliyan 37, alhali abu ɗaya suke faɗa. Iskar metan ma haka: ƙarfinta na riƙe zafi ya ninka na kabon dayokzaid kusan sau 80 idan aka auna cikin shekara 20, kusan sau 30 cikin shekara 100, domin ba ta daɗewa a sama. Marubucin da ya kawo ɗaya bai faɗi tsawon lokacin ba, rabin magana ya ba ka.

Inda na fi ganin ɓarna shi ne ɓangaren dabbobi, don a nan tausayi ke riga lissafi. Rahoton ƙungiyar kare namun daji ta duniya, WWF, na 2022 ya kawo raguwar kashi 69 cikin 100 daga 1970 zuwa 2018, na 2024 ya kawo kashi 73. Sau da yawa za ka ga an juya wannan zuwa "kashi 69 na dabbobin duniya sun mutu". Rahoton bai ce haka ba. Abin da ya auna shi ne matsakaicin raguwar garkunan dabbobi masu ƙashin baya da ake sa wa ido, kuma ƙaramin garke da babba duk suna shiga lissafin ba tare da la'akari da yawan kawunansu ba. Ga misali na ƙaddarawa: garke mai dabba 10 ya koma 2, ya ragu da kashi 80, wani mai 10,000 ya koma 9,000, ya ragu da kashi 10. Matsakaicin biyun a sauƙaƙe kashi 45 ne, amma jimillar dabbobin da aka rasa kashi 10 ce kawai. Lissafin rahoton ya fi wannan sarƙaƙiya, sai dai halinsa ɗaya ne. Wannan bai rage munin lamarin ba, ya dai nuna cewa lambar tana gaya maka yadda raguwa ta yaɗu, ba adadin gawarwaki ba.

Sai maganar nau'i miliyan ɗaya da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wadda ta fito daga rahoton 2019 na IPBES, kwamitin masana halittu da gwamnatocin duniya suka kafa. Ƙiyasi ne, kuma ana iya bin sawunsa: an ɗauka akwai nau'o'in dabbobi da tsirrai kusan miliyan 8, miliyan 5.5 daga ciki ƙwari ne. Aka ba ƙwari kashi 10, sauran kuma kusan kashi 25 bisa abin da aka gani a rukunan da aka tantance. Haɗa biyun ya ba da kusan miliyan ɗaya. Waɗanda aka tabbatar sun ƙare tun daga shekarar 1500 a jerin IUCN, ƙungiyar duniya da ke tantance halittun da ke cikin haɗari, kuwa sun ɗan haura 900 ne kawai. Lambobin biyu ba sa karo. Kafin a ce nau'i ya ƙare sai an yi bincike mai zurfi a duk inda aka san shi, a lokacin da ya dace, har ba a bar shakka ba, kuma mafi yawan halittu ba a ma ba su suna ba balle a lura da ɓacewarsu.

Matakan jerin IUCN su ma a kiyaye su, domin "ya ƙare" daban yake da "ya ƙare a daji". Maririn Sahara mai lanƙwasassun ƙaho an sa shi a mataki na biyun a 2000, lokacin da ya rage a gidajen namun daji da garkunan da aka killace kaɗai. An fara maido shi Chadi a 2016, kuma a ƙarshen 2023 aka sassauta matakinsa zuwa na waɗanda ke cikin haɗari. Littafin da aka buga a 2010 zai ba ka labarin da ya riga ya canza, don haka a duba shekarar bugu, a kuma duba shekarar bayanan da aka yi amfani da su, wadda kan girme ta da shekara biyu ko uku.

Game da musabbabi, littattafai da dama na jingina kowace ƙarewa ga sauyin yanayi, ni kuma ina ganin wannan na cutar da aikin kare halittu. IPBES ta jera musabbabai bisa nauyinsu zuwa yanzu: sauya amfanin ƙasa da teku, sai farauta da kamun kifi da sare itatuwa fiye da kima, sannan sauyin yanayi, gurɓata muhalli, da baƙin halittun da ke mamaye wuri. Akwai inda hannun yanayi ya fito fili, kamar ɓeran tsibirin Bramble Cay na Ostireliya, wanda ruwan teku ya riƙa malale wa mazauni, aka yi masa ganin ƙarshe a 2009. Amma kwaɗon zinariya na Kosta Rika, da aka daina gani tun 1989, masana sun yi saɓani a kansa, kuma cutar fata ta naman gwari da ta halaka kwaɗi a nahiyoyi da dama tana cikin manyan abin zargi. Idan aka kuskure musabbabi, kuɗin kariya sai ya tafi inda ba nan ciwon yake ba.

Ko manyan hukumomi kan zame. Rahoton IPCC na 2007 ya ɗauko maganar cewa ƙanƙarar duwatsun Himalaya na iya ɓacewa kafin 2035, daga majiyar da masana ba su tantance ba, kuma a 2010 kwamitin ya amsa kuskurensa. An gano shi ne ta hanyar bin manazarta baya-baya har aka iske hirar mujalla ce tushenta. Kowane mai karatu zai iya yin haka: zaɓi lambobi uku mafi razanarwa a littafin, juya zuwa bayanan ƙarshe, ka ga ko binciken asali aka ambata ko labarin jarida, sannan ka duba ko hasashen na tafarkin hayaƙi mafi muni ne, wanda ake kira RCP8.5, aka gabatar kamar shi ne abin da babu makawa zai faru. A rahotannin IPCC kuma kalmomin yiwuwa suna da ma'auni: "mai yiwuwa" na nufin kashi 66 zuwa sama, "mai yiwuwa ƙwarai" kashi 90 zuwa sama, kuma marubuta da yawa kan shafe su gaba ɗaya idan suna taƙaitawa.